Daga Aji Zuwa Zaure: Aikin Sanin Makama a Karkarar Jigawa

A ƙarshen aji uku ne sashenmu yake tura ɗaliban aikin walwalar jama'a su fita sanin makamar aiki. Malamin da ke kula da shirin ya tara mu a ɗakin lacca, ya raba mana takardar gabatarwa da littafin rubuta aikin kullum, wanda kowa ke kira logbuk, ya ce kowa ya je ya nemo inda za a karɓe shi, ya kawo takardar amincewa mai hatimi kafin a tafi hutu. Sharaɗin da ya fi nanatawa shi ne, dole wurin ya zamana akwai ma'aikacin walwala na gaske da zai tsaya a kan ɗalibi, ya duba aikinsa, ya sa masa hannu. Makin kuma kashi uku ne: na mai kula da kai a wurin aiki, na malamin da zai zo duba ka, sai na rahoton da za ka rubuta ka tsaya gaban malamai ka kare.

Yawancin 'yan ajinmu cikin birnin Kano suka nufa: Asibitin Malam Aminu Kano, Asibitin Murtala, na masu taɓin hankali da ke Dawanau, gidan marayu na Nassarawa, gidan gyaran halin yara na Goron Dutse. Wurare ne masu tsari, ga shi mutum yana kwana a gidansu. Ni kuwa sai na kai takardata wata ƙaramar hukuma a tsakiyar Jigawa, inda gwaggona take aure, don na san masauki da abinci ba za su dame ni ba. Wani abokin karatuna, ɗan yankin, shi ma can ya kai tasa. Muka fara damina ta yi tsakiya, gero na shirin fitar da kai, muka gama ana cikin kaka.

Ofishin ɗaki ne guda a gefen sakatariya: teburi, benci biyu, kabad ɗin ƙarfe, da wata katuwar rajista da bangonta ya sha ɗinki. Mai ofishin dattijuwa ce da ta yi shekaru da yawa a aikin, kowa Hajiya yake ce mata. Ta karanta takardunmu, ta cire tabarau, ta ce, "'Ya'yana, yanzu kunnuwanku nake so, bakinku sai nan gaba. Abin da kuka ji a ɗakin nan kuma, a nan zai kwana."

Haka muka yi ta zama muna ji. Matar da aka saka ba a ciyar da 'ya'yanta. Uban da ya zo ƙwace yaro daga yaye. Yarinyar da ta gudo gidan kawunta don ba ta son wanda aka ba ta. Yaron da direbobi suka tsinta a tasha bai san sunan garinsu ba. Makahon da yake neman a sa shi cikin masu karɓar alawus ɗin masu buƙata ta musamman, wanda gwamnatin Sule Lamido ta fara biya a 2007, naira 7,000 duk wata a lokacin. A aljihun teburinta akwai kwafin dokar kare yara da Jigawa ta sa wa hannu a 2021, shekara 18 bayan ta tarayya ta 2003. Ta san ta ciki da bai, amma ban cika ganin ta fito da ita ba. Ofishin ba kotu ba ne, ba ya ɗaure kowa, ba shi da motar fita. Abin da yake da shi takardar kira ce, da mutuncin Hajiya, da sanin da kowa ya yi cewa in sulhu ya gagara a nan, gaban alƙali za a je.

Kafin mu shiga kowane ƙauye sai da ta kai mu muka gaida hakimi. Muka cire takalma daga nesa, muka durƙusa, ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibai ne daga jami'a, za su yi mana aiki zuwa kaka." Daga nan saƙo ya bi ta kan dagatai zuwa masu unguwanni. Wanda ya tsallake wannan mataki, za a ba shi ruwa a ƙauye, a amsa gaisuwarsa, amma ba zai ji komai ba.

Fitarmu ta farko kuwa, muna sauka daga acaɓa mutane suka fara taruwa, wasu da katin zaɓe, wasu da takardar shaidar ɗan ƙasa a cikin leda. Tun ambaliyar 2022, wadda ta cinye gonaki da gidaje a yankunan Ringim da Haɗeja, an saba ganin masu zuwa da biro da takarda suna rubuta sunaye, wasu a ga tallafin, wasu shiru har yau. Duk wanda ya zo da littafi, mai rabon kaya ne. Hajiya ta tsaya gaban mai unguwa ta faɗa da babbar murya cewa ba mu zo da ko ƙwayar shinkafa ba, ba kuma sunaye muke ɗauka ba. Rabin taron ya watse. Ta juyo ta ce mana logbuk ya zauna a jaka. A cikin gidan mutane ido da kunne ake aiki da su, rubutu sai an koma.

A nan ne ni da abokin karatuna aikinmu ya rabu. Shi iyakarsa zaure, ni nake shiga ciki. Da farko ya ga kamar an rage masa hanya, amma sai ta bayyana cewa babu maganar da ake gamawa a cikin gida ba tare da an gama ta a zaure ba. Ni in ji ciwon daga bakin mata, shi ya zauna da mai gida a kan tabarma har a samu "to". Da ɗayanmu ne kaɗai aka turo, da rabin aikin zai yi.

Shari'ar farko da Hajiya ta bar mini ta ciyarwa ce. Matar ta zo da goyo, wani yaron na riƙe da zanenta. Mijin ya sake ta, ya tafi cirani kudu, ya dawo noma, bai taɓa aiko da ko tiya ɗaya ba. Muna magana na lura da goyon: gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ba ya kuka, ba ya wasa. Na ce, "Yaya, mu fara kai yaron nan asibiti, maganar babansa ta biyo baya." A ɗakin shan magani jami'ar lafiya ta naɗa masa ɗan tef ɗin nan mai launi uku a damtse, ya faɗa a ja, wato ƙasa da santimita 11.5. Tamowa ce mai tsanani. Aka gwada ya ci abincin ledar nan da ake haɗawa da gyaɗa da madara da mai da sukari, ya ci, aka sa shi a layin masu karɓa duk mako.

Wanda bai shiga gidan ba zai ce an gama. Da na bi ta gida sai na tarar yara ne birjik a gidan babanta, kuma babu uwar da za ta iya ba ɗa ɗaya abu mai zaƙi sauran suna kallo. Ledar kwana ɗaya sai ta zama ta yara huɗu. Faɗa ba zai gyara wannan ba. Muka zauna da ita da kakar yaran muka yi shawara: a riƙa ba shi nasa a ɗaka lokacin da sauran suka tafi makarantar allo, a ce musu magani ne, don kuwa maganin ne, su kuma a dama musu kunun gyaɗa ko na waken suya gwargwadon hali. Ta haka maganar ta dawo kan uban, domin yunwar gidan ce ke cinye maganin yaron.

Ranar sulhu ya zo da wansa da mai unguwarsu, ransa a ɓace, yana cewa a ba shi 'ya'yansa in ciyarwa ake so. Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta sa aka fitar da matar, ta ji nasa shi kaɗai har ya huce. Sannan ta tuna masa hukuncin da limamin garinsu ma zai gaya masa: a mazhabar Malikiyya riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har a kai ta ɗakin miji, in uwar ta yi aure riƙon ya koma wurin mahaifiyarta, ciyarwa kuwa tana wuyan uba ko ina yaran suke. Al'ada ce ta saba ba uba ɗa bayan yaye, ba shari'a ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta yanka abin. Ba ta ce kuɗi zalla ba, don ta san manomi ba ya ganin kuɗi sai kaka, ta kuma san abin da za a yanka yau ba zai sayi rabinsa ba baɗi. Hatsi ta yanka: tiya 10 ta gero duk wata, da kuɗin cefane duk ranar Lahadin da ya ci kasuwar Gujungu, a riƙa kaiwa ta hannun mai unguwa. Na rubuta, na karanta musu da Hausa, kowa ya dangwala yatsa. Takardar ta shiga kabad, ni kuma aka ɗora mini bin sawu. Wata na cika na je, ba a kai ba. Abokin karatuna ya samu mutumin a gona, suka yi magana tsakanin kunya da kunya, washegari buhu ya iso a kan amalanke.

Ta biyun ba ofis ta zo ba, kuma da ba ta taɓa zuwa ba. Wata ungozoma ce ta ja ni gefe a ɗakin shan magani, ta ce, "'Yar nan, akwai yarinyar da nake so ki gani, amma ba da taro ba."

A ƙauye ɓoye abu yana da wuya. Ɗan acaɓan da ya sauke ki ya san gidan da kika shiga, yaran da suka bi ki sun sani, kafin la'asar an sani a bakin rijiya. Ko a gidan gwaggona, da dare sai an tambaye ni, "Wai gidan wa kuka je yau?" In ce yawon aiki ne kawai. Dabarar ungozoma ita ce mu sauka a asibiti, mu taka da ƙafa, mu shiga gidaje da dama muna yi wa masu ciki maganar awo, gidan da muke nufi ya zama ɗaya daga ciki.

Ɗakin yana can ƙuryar gida, bayan turken awaki. Tun daga ƙofa zarni ya tare ni. A bayan ɗakin an shanya tsummokara a kan dangar kara, inda mai shigowa ba zai gani ba. Tana zaune a kan tabarma da aka shimfiɗa wa leda, shekarunta ba su kai nawa ba, leɓenta a bushe ya tsattsage. Ta rage shan ruwa ne don kada ya riƙa zuba, wanda hakan ke sa fitsarin ya ƙara kauri da wari, ya ƙone mata cinyoyi. Ta yi kwanaki tana naƙuda a gida, kan ɗan ya tokare, kafin a samu mota ya riga ya mutu, wurin da ya danne kuma ya huje. Mijin ya ce ta je gida ta warke, daga baya takarda ta biyo ta. Tun daga nan ba ta zuwa suna, ba ta zuwa biki, kwanonta daban.

Na zauna kusa da ita a kan tabarmar. Ranar ba mu yi maganar ciwo ba sam, hirar kitso muka yi da ta saƙar hula, wadda ta iya sosai. Sai a zuwa na gaba ta buɗe baki. Na gaya mata abin da na sani: ciwon yoyon fitsari ne, ba asiri ba ne, ba kuma laifinta ba ne, a babban asibitin Jahun ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tana wannan aiki tun 2008, kyauta, ana ɗinke wurin, a bar robar fitsari na wasu makonni, da yawa suna warkewa, wasu sai an sake aikin. Alkawarin warkewa ban yi mata ba, don ba a hannuna yake ba. Na ce mata in ba ta so, babu mai ɗaukar ta dole, kuma ba zan gaya wa kowa ba sai wanda ta yarda. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sannan ta ce, "Yaya, in an yi, zan iya bin sallar Idi cikin mata?" Na ce abin da muke roƙon Allah ke nan. Ta ce a gaya wa Baba.

Abokin karatuna ne ya zauna da shi a zaure, ni ina daga bakin ƙofar ciki tare da uwar. Na zaci za mu sha gardama. Tsohon ya ce, "Malam, ba ƙi na yi ba. Akuya biyu na sayar a kan yarinyar nan, na rubutu na yi, na saiwa na yi. Asibitin birni kuwa an ce sai da jaka." Da ya ji kyauta ne sai ya shiga lissafin da ya fi mu sani: kuɗin mota, wa zai zauna da ita, ga gero ya isa yanka, uwar ita ce mai kai abinci gona. Kowanne sai da aka nemo masa mafita. Yayar uwar, wadda ba ta da ƙananan yara, ta ce za ta yi jinya. Kuɗin mota Hajiya ta nemo wurin wani ɗan kasuwar riɗi, ta ce masa wata marar lafiya ce kawai, bai kuma tambayi wace ce ba. Hajiya ta rubuta takardar turawa, muka fita da asuba kafin gari ya waye. A Jahun, abin da ya fara sanyaya mata rai ba likita ba ne. Ganin ɗaki cike da mata irinta ne, suna hira suna dariya, kowace da robar ruwan sha a hannu, don can cewa ake a sha ruwa da yawa. Aka duba ta, aka ba ta rana.

Duk ranar Alhamis da yamma Hajiya takan rufe ƙofa ta karɓi logbuk ɗinmu. Ba ta sa hannu sai ta karanta. Suna ba ya shiga littafin, ko na mutum ko na ƙauye, harafi ɗaya kawai, tunda littafin zai bi hannun malamai da ma'aikatan sashe. Takan sa mu rubuta hira guda daga farko har ƙarshe: abin da aka ce, abin da muka amsa, abin da muka ji a ranmu lokacin. Sai ta bi layi-layi. "Nan me ya sa kika katse ta? Nan da ta yi shiru, me kike jin tana son faɗa?" Ƙa'idojin da muka haddace a aji biyu, na karɓar mutum yadda yake, da barin sa ya yanke wa kansa hukunci, da riƙe sirri, a wannan zaman ne na ga inda kowace take shiga. Ta kan tambaye mu kuma ko muna barci. Ranar da na dawo daga ɗakin yarinyar nan na kasa cin abinci, ita ce ta lura, ta ce mai wannan aiki dole ya sami wanda zai sauke wa, in ba haka ba zuciya takan bushe.

Akwai abin da ke damuna game da tsarin, kuma na rubuta shi a rahotona. Duk zirga-zirgar nan daga aljihunmu ta fito. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin acaɓa ya ninka, ga damina, wasu ƙauyukan sai an yi zagaye ko a cire takalmi a ratsa ruwa. Ɗan abin da Babanmu yake turo mini a hanya yake ƙarewa. Ɗalibin da ba shi da mai turo masa, ofis zai zauna yana kallon rajista, ba don lalaci ba. Malamin da aka turo duba mu ya zo, ya duba littafi, ya yi mana tambayoyi, ya wuce, domin ɗalibai ne da shi a garuruwa da yawa, shi ma da motarsa da mansa. Na san waɗanda a wasu wurare aka ce musu su je gida, su dawo ranar ƙarshe a sa musu hannu. Irin wannan ɗalibi zai fito da digiri bai taɓa zama gaban mai kuka ba. Yanzu da aka yi dokar kafa majalisar kula da wannan sana'a a 2022, ina ganin nan ya kamata a fara sa ido: a tantance wuraren da ake tura ɗalibai, a ware musu kuɗin mota ko kaɗan ne, a kuma riƙa tura su karkara bibbiyu, mace da namiji. Asibiti yana nan, doka tana nan, mai unguwa da liman suna nan. Wanda zai taka ya haɗa su da yarinyar da ke ƙuryar gida shi ne babu, kuma ɗalibi zai iya wannan tun kafin ya gama makaranta.

Abu mafi nauyi shi ne tafiya. Ɗalibi lokacinsa ƙayyadadde ne, matsalar mutane kuwa ba ta san an koma makaranta ba. Hajiya ta sa tun da sauran lokaci muka fara gaya wa kowa ranar da za mu tafi da wanda zai ci gaba. Kowace shari'a na rubuta mata takardar miƙa aiki: inda aka kwana, abin da ya rage, wa za a nema. Na kai uwar mai tamowa wurin jami'ar lafiya na haɗa su baki da baki. Lokacin tef ɗin ya bar ja ya koma ruwan ɗorawa. An yi wa yarinyar mai yoyon fitsari aiki ana saura kaɗan mu tafi, na je na gan ta da roba a jikinta, na yi mata sallama, na maimaita wa innarta abin da ma'aikatan jinya suka ce: ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba kusantar namiji na wasu watanni, in Allah ya kawo wani auren da ciki, awo tun da wuri, haihuwa kuma a asibiti. Ungozoma ta ɗauki nauyin leƙa ta in ta dawo.

Muka koma muka gaida hakimi, Hajiya ta cike takardar makinmu ta liƙe a ambulan ta buga hatimi. A makaranta na rubuta rahoto, na tsaya gaban malamai na kare shi. Tambayar da suka fi tsayawa a kai ita ce wa ya ci gaba da shari'o'in, na nuna musu kwafin takardun miƙa aiki da aka cire wa sunaye. Na roƙi malamin shirin ya sa wannan ofis cikin jerin wuraren da za a tura 'yan bayanmu, ya rubuta.

Muna tsakiyar zangon farko na aji huɗu Hajiya ta kira ni. Ta ce an sallami yarinyar, yoyon ya tsaya, an ba ta ranar komawa a sake dubawa. Mai geron kuwa ya kawo na wata biyu ya tafi cirani, ta aika wa wansa takardar kira, za su zauna ranar Litinin.